Sujadar Lahadi a Cikin Waya: Yadda Majami'u Suka Yi a Lokacin Kulle

Ranar 11 ga Afrilu, 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano. Washegari Lahadi ce, kuma ranar Ista, babbar rana a wurin Kiristoci. Kafin mako ya zagayo, gwamnatin jiha ta kafa dokar kulle daga daren 16 ga wata, sannan a ƙarshen watan Shugaba Buhari ya ƙara da tasa ta mako biyu. An rufe kasuwanni da masallatai da majami'u. Mu ɗalibai kuwa tun watan Maris muna gida.

To, yaya mutanen da suka saba haɗuwa duk Lahadi za su yi sujada alhali ƙofa na garƙame?

Duniya ta koma ga kyamara. A Ingila, Akbishop na Kantabiri na lokacin, Justin Welby, a ɗakin girkinsa aka ɗauki wa'azinsa na Ista. A Roma, Paparoma Francis ya yi addu'a a filin St. Peter ranar 27 ga Maris, ba jama'a, sai ruwan sama. Manyan majami'un Legas da Abuja suka riƙa watsa sujada kai tsaye a Facebook da YouTube. A ɓangaren Musulmi ma haka aka yi: azumin bana-waccan ya faɗo cikin kulle, malamai da dama suka gabatar da tafsiri ta rediyo da intanet.

Amma abin da ya yi wa mutumin Legas daidai ba lallai ya yi wa na ƙauye ba. Mu ɗauki yanki irin Tofa, wanda masu bin tarihin cocin ECWA suka san sunansa saboda makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da 'yan mishan na SIM suka kafa. Ƙasa ce ta manoma, gida kusa da gona. Kallon kai tsaye na buƙatar abu uku a lokaci guda: sabis mai ƙarfi, data mai yawa, da caji. Ɗaya ya gaza, fasto ya daskare a tsakiyar magana, baki buɗe. Duk wanda ya taɓa ɗaga waya sama yana laluben sabis ya san zancen.

Nan ne bidiyon da aka naɗa tun da wuri ya fi. Ana iya ɗaukar karatun nassi da wa'azi ranar Juma'a ko Asabar, a gyara, a rage nauyi, a tura. Wanda ya samu ya kalla lokacin da ya samu caji, ya maimaita inda bai gane ba. Mutum ɗaya ne zai kashe data ya sauke. Sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth, ko a zuba musu a memori, kamar dai yadda masu turin fina-finan Hausa ke yi a shagunan caji. A lokacin, WhatsApp ba ya karɓar bidiyon da ya wuce megabait 16, don haka dole a yanka wa'azi gunduwa-gunduwa, ko a tura murya zalla. A ganinmu muryar ma ta fi amfani, domin ƙaramar wayar da kaka ke riƙewa tana kunna ta. Kuma gajarta wa'azi, in za a faɗi gaskiya, ba ta ɓata wa matasa rai ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1960 ma an riƙa naɗar shirye-shiryen Muryar Bishara da Hausa a Jos, ana watsa su daga Adis Ababa. Bambancin shi ne yanzu ɗakin naɗar yana cikin aljihu, kuma galibi aljihun matashi ne. Fasto ya san abin da zai faɗa, amma wa ya san cewa ba a sa mutum ya ba taga baya, ko cewa sauti ya fi hoto muhimmanci, ko a jingina waya da littattafai kada ta yi rawa? Sa'o'inku ne. Wanda ake yi wa faɗan danna waya shi aka koma nema.

Sai dai akwai abin da bidiyo ba ya ɗauka. Jibin Ubangiji ba ya bi ta waya. Cocin Katolika ma ya ce kallon Mas ba daidai yake da halartarsa ba. Baiko, wanda da shi ake tallafa wa gwauraye da marayu, ya ragu a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, tunda ba kowa ke da asusun banki ba. Waƙar zumuntar mata da ganga da tulu, in ka ji ta kai kaɗai a ɗaki, ta zama wata aba dabam. Ga gaisuwar bayan an tashi, inda ake jin wa ke kwance ba lafiya, wa ya haihu. Tsohuwar da ba ta da waya kuwa, in jikanta bai kai mata ba, Lahadinta ta wuce ke nan.

A farkon watan Yuni gwamnatin tarayya ta sassauta dokar wuraren ibada, jama'a suka koma kujerunsu da takunkumi. Majami'u da dama a birane ba su sauke kyamarar ba, suna ci gaba da naɗa saboda marasa lafiya, da matafiya, da 'yan ci-rani da ke son jin wa'azi da Hausar gida.