Daidaiton Fasali a Zanen Alaƙa: Darasi Daga Hanyoyin Wudil

Duk wanda ya ƙura wa dagin Arewa ido a jikin soro ko a gaban babbar riga zai lura cewa idan aka ninke shi biyu, ɓangaren dama yakan hau kan na hagu daidai wa daida. Wannan shi masana lissafi ke kira daidaiton fasali, kuma yana da babban matsayi a fannin zanen alaƙa, wato zanen da ake yi da ɗigo da layi kawai.

Tushen wannan fanni yana komawa ne ga shekarar 1736, lokacin da Leonhard Euler ya warware matsalar gadoji 7 na birnin Königsberg. A irin wannan nazari, tsawon hanya ko lanƙwasarta ba su da muhimmanci. Abin lura kawai shi ne me ya haɗu da me.

Alal misali, a ɗauki uku daga cikin hanyoyin da suka tashi daga Wudil: wadda ta ƙetare gada ta nufi Kano, da ta Gaya, da ta Birnin Kudu. Idan aka sa Wudil a tsakiya, aka ja layuka 3 masu tsawo ɗaya, da tazarar digiri 120 a tsakaninsu, nan take ido zai gane cewa garuruwan uku matsayinsu ɗaya a zanen, ko da yake nisansu ya bambanta.

Sai dai daidaito kan yi karo da tsabtar zane. A ƙaddara makarantu 4 za su kara a wasan ƙwallo, kowace da kowace, wasanni 6 ke nan. Idan aka jera su a kusurwoyin murabba'i, zanen zai ninku ta hanyoyi 4, amma layuka biyu za su gitta juna a tsakiya. Idan kuwa aka sa makarantu 3 a kusurwoyin alwatika mai ɓangarori daidai, ta huɗu a tsakiya, hanyoyin ninkewa sun koma 3, amma babu gittawa ko ɗaya. Da makarantun sun kai 5, babu dabarar da za ta kawar da gittawa gaba ɗaya, kuma a 1930 Kazimierz Kuratowski ya fayyace irin zane-zanen da ke da wannan hali.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a zanen wayoyin lantarki, wanda ya ɗauki gittawa a matsayin mahaɗa yana iya haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya fara gano ɗigogin da matsayinsu ɗaya, ya jera su a kan da'ira da tazara ɗaya, ya girmama ɗigo don a bambanta shi da gittawa, sannan ya ƙirga layukansa kafin ya ajiye fensir.