Shirun mai gadi ba shi ne zaman lafiya ba

Duk ɗalibin Andarai ko Jega da ya buɗe shafin JAMB a wayarsa, ko na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, ya bar sawu ko da bai sani ba. Kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ake kira saba, tana rubuta layi guda a kan kowane baƙo: adireshin IP ɗinsa, lokacin zuwansa, shafin da ya nema, da lambar amsar da aka ba shi. Lamba 200 na nufin ya samu, 404 babu abin da ya nema, 403 kuma an hana shi shiga. Wannan rajista tamkar littafin dillalin albasa ce a kasuwar Aliero, kowane buhu da sunan mai shi.

Layukan kan kai dubbai a rana, don haka ake ɗora wa manhaja aikin karanta su. Akwai na kyauta irin su Fail2ban da OSSEC da Wazuh. Idan adireshi ɗaya ya yi ta gwada kalmar sirri yana kuskure, sai su yi ƙararrawa ko su rufe masa ƙofa. Haɗarin shi ne, manhajar da ta kasa fahimtar rajista ba ta kuka. Shiru take yi, mai kula da shafin kuma ya ɗauka lafiya lau.

Irin wannan makanta ta jawo wa kamfanin Equifax na Amurka asara a 2017. Na'urar da ke duba zirga-zirgar bayanansa ta daina gani watanni da dama, saboda wa'adin wata takardar shaidar tsaro ya ƙare ba a sabunta ba. Masu kutse suka kwashe kwana 76 a ciki, suka saci bayanan mutum kusan miliyan 147. Da aka sabunta takardar ne aka gan su.

To, idan kai ke kula da shafin makaranta ko kana koyon aikin, ina za ka fara dubawa?

Fara da wurin da rajistar take. A Ubuntu, Apache na rubutu a /var/log/apache2/access.log, Nginx kuma a /var/log/nginx/access.log. Idan an nuna wa manhajar wani fayil dabam, ko ba ta da izinin buɗe shi, zaman banza take yi. Haka kuma idan logrotate ta sauya wa tsohon fayil suna ta buɗe sabo, a tabbatar manhajar ta koma kan sabon.

Sai tsarin layin. Manhajar na da ma'aunin da take ɗora kowane layi a kai. Apache na da gajeren tsari da kuma dogo, wanda ke ƙara shafin da baƙo ya fito da irin burauzarsa. Wani ya ƙara gurbi ɗaya a farkon layi, sai ma'auni ya daina dacewa. Umarnin fail2ban-regex zai faɗa maka layi nawa ya dace, nawa ya wuce. Wazuh ma na da wazuh-logtest.

Na uku agogo. Najeriya na gaban lokacin UTC da awa ɗaya. Fail2ban kuwa, a saitinta na asali, tana neman kuskure 5 cikin minti 10. Idan an rubuta rajista da UTC ba tare da alamar yanki ba, ita kuma tana lissafi da agogon gida, kowane layi zai zo mata kamar ya tsufa da awa ɗaya, tsofaffin sigoginta kuma kan tsallake shi.

Na huɗu adireshi. Shafin da ke bayan Cloudflare zai iya rubuta adireshin Cloudflare a madadin na baƙon. Ana gyara wannan a Apache da mod_remoteip. A kuma tuna cewa kamfanonin waya kan haɗa mutane da yawa a kan adireshi ɗaya. Ranar da sakamako ya fito, ka toshe adireshi guda a garaje, sai ka hana ɗaliban Maiyama da dama ganin makinsu saboda kuskuren mutum ɗaya.

Gwajin ƙarshe shi ne mafi sauƙi. Shigar da kalmar sirri ta bogi sau shida a kan sabarka, ka jira. Idan ƙararrawa ba ta tashi ba, mai gadinka barci yake. Maimaita wannan duk lokacin da aka taɓa saitin.

Tsohuwar kwamfuta da Ubuntu sun isa ƙungiyar ɗalibai ta koyi duk wannan ba tare da intanet ba. Amma a yi gwajin a kan na'urar gida kaɗai, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta wajabta kai rahoton kutse mai haɗari cikin awa 72 da gano shi. Makarantar da rajistarta ke tafiya ba mai karantawa, sunayen ɗalibanta da lambobin wayarsu na iya yawo a hannun 'yan damfara kafin ta ji labari.