Me Ke Karya Mai Gudun Famfalaki a Kilomita 30?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar gudun famfalaki na Legas, wanda ake yi tun 2016, ya ga abin da ke faruwa bayan kilomita 30. Mutumin da ya taso da ƙarfinsa sai ya fara jan ƙafa, ya riƙe ƙugu, bakinsa a buɗe, ga shi da sauran kilomita 12 a gabansa. 'Yan kallo su ce rago ne.

Ba ragwanci ba ne. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, kuma ajiyar ba ta wuce ta kalori 2,000 da wani abu ba. Mai nauyin kilo 65 yana ƙona kusan kalori 65 a kowace kilomita, don haka wajen kilomita 30 rumbun ya yi ƙasa. Daga nan sai jiki ya dogara da kitse, shi kuwa kitse a hankali yake ba da ƙarfi. Masu cewa a ci shinkafa ko taliya sosai kwana biyu kafin tsere, a kuma riƙa jefa dabino ko ayaba a baki tun kafin gajiya ta zo, gaskiya suka faɗa.

Zancen da ya fi cutar da masu gudu don sha'awa shi ne wai juriya ba ta samuwa sai an gwada wa jiki azaba kullum. Stephen Seiler, masanin motsa jiki a Norway, ya bi diddigin atisayen manyan 'yan wasan juriya, ya tarar kusan kashi 80 cikin 100 a hankali suke yin sa. Eliud Kipchoge, wanda ya yi kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, yawancin gudunsa a sansanin Kaptagat na Kenya sassarfa ce idan aka gwada da saurinsa na tsere. Gudun da mutum zai iya hira yana yi shi ne ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a tsoka, ya koya wa jiki tattalin sukarinsa. Abin takaici, shi ne gudun da masu koyo suka fi rainawa.

Batun ruwa kuwa har rai yana ci. An daɗe ana cewa a sha iya sha. A tseren Boston na 2002, likitoci sun auna jinin ɗaruruwan waɗanda suka kammala, suka samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, galibi saboda yawan shan ruwa, kuma wata mai gudu ta rasu a waccan shekarar ta dalilin haka. Ƙishirwa ita ce ma'auni, a haɗa da ɗan gishiri ranar zafi.

Cewa gudu yana cinye gwiwa bai tabbata ba; abin da ke jawo ciwo shi ne ƙara nisa farat ɗaya. Tramadol da wasu ke haɗiya kuma ba ya ƙara ƙarfi, zafin ciwo kawai yake danne wa mutum har ya ji rauni bai sani ba. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024.