Karen da Ya Saba da Hannu Shi Ake Iya Yi wa Allura

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu kare ne ke gadin gida, shi ke raka manomi gona, shi ke korar birai daga masara. Duk da haka, sau da yawa ladansa jifa ne. Karen da ya tashi da duka ba ya yarda a taɓa shi, kuma ranar da malamin dabbobi ya zo yin allurar rigakafin haukan kare, sai ya shige daji.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, da yawansu kuma yara ne.

A fara horo tun kwikwiyo yana wata biyu. A sa masa suna ɗaya. In an kira shi ya zo, a ba shi loman tuwo nan take, domin ya gane abin da ya jawo masa ladan. Minti biyar safe da yamma ya isa. Kada a kira shi don a doke shi, gobe ba zai zo ba. A riƙa shafa wuyansa da kunnuwansa, a saba masa da igiya. Idan ya kai wata uku, sai a kai shi allura, a kuma maimaita kowace shekara.

Yara su bar kare in yana cin abinci, haka ma karya mai shayarwa. In an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a tafi asibiti a ranar.