Samba da Zinariyar Coci: Za Su Iya Wanke Bautar Birazil?

A shekarar 2011 ma'aikata suna tone titunan bakin ruwa a birnin Rio de Janeiro, ana shirye-shiryen wasannin Olamfik na 2016, sai suka ci karo da wani tsohon daɓen duwatsu a ƙarƙashin ƙasa. Ashe Valongo ne, matsayar jiragen ruwa inda aka sauke 'yan Afirka kusan 900,000 a matsayin bayi. Tun 1843 aka rufe shi da sabon daɓe domin tarbar amaryar Sarkin Birazil, Pedro na Biyu. Taku kaɗan daga wurin akwai Pedra do Sal, dandalin da mutanen Rio ke ɗauka a matsayin mahaifar kiɗan samba, inda har yau ake raƙashewa da dare.

Wannan maƙwabtaka ce ke sa wasu su ce: bauta mugun abu ce, amma ai ba don ita ba da babu samba, da babu cocin da aka lulluɓe da zinariya, da babu Birazil ɗin da duniya ke sha'awa. Maganar tana da daɗin ji, kuma tana da manyan magoya baya. A 1933 masanin zamantakewa Gilberto Freyre ya fitar da littafinsa Casa-Grande e Senzala, inda ya nuna cewa cuɗanyar gidan ubangida da bukkokin bayi ce ta haifi wayewar Birazil. A zamaninsa wannan jarunta ce, domin manyan ƙasar kallon abin kunya suke wa jinin Afirka. Sai dai littafin ya bar wa jama'a zaton cewa bautar Birazil mai sauƙi ce, tamkar zaman gida ɗaya.

Alƙaluma ba su yarda ba. Daga cikin mutum miliyan 12.5 da aka loda a jiragen bayi, kusan miliyan biyu ba su ga ɗaya gaɓar teku ba. Birazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan biyar, fiye da kowace ƙasa. Abin da ya sa ba ta daina saye ba shi ne, a gonakin rake masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa, kuma iyayengiji sun ga sayen sabon bawa ya fi musu arha a kan renon yaro har ya isa riƙe adda. Wani limamin Katolika mai suna Antonil, a littafinsa na 1711, ya bayyana aikin injin matse rake, wanda a lokacin girbi yake juyawa dare da rana. Mata bayi ne ke tura rake tsakanin ƙarafan matsa. Idan gyangyaɗi ya ɗebi mace hannunta ya shige, in ba a yi saurin tsayar da injin ba, mafita ɗaya ce: a datse hannun da adda kafin injin ya ja sauran jikin. Daga irin wannan ɗaki sukari ya fito, daga sukari kuma kuɗin gine-ginen birnin Salvador.

Su wa suka yi aikin da ake alfahari da shi? A garin Ouro Preto, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980, bayi ne suka haƙo zinariyar da ta ƙawata coci-coci. Gwanin sassaƙa mafi suna a tarihin ƙasar, Aleijadinho, ɗan wani magini ne Bafotugale, uwarsa kuwa baiwa ce. Baiwar hannu irin tasa ba bulala ce ta koya masa ba. Maƙera da masaƙa da makaɗa sun taho da sana'arsu a ka tun daga gida. Abin da bauta ta yi shi ne raba su da amfanin guminsu. Babu kuma mai iya ƙirga gwanayen da suka ƙare a cikin teku ko a ramin ma'adinai ba su taɓa samun damar nuna abin da suka iya ba.

Labarin capoeira ya fi tona asirin wannan hujja. Wasa ne mai haɗa rawa da faɗa, kusan kamar a gwama dambe da kokawa a sa musu kiɗa, kuma bayi da 'ya'yansu ne suka raya shi. A 1890, shekara biyu kacal bayan soke bauta, dokar laifuffuka ta Birazil ta haramta shi, wanda aka kama yana yi sai kurkuku. A 2014 ƙasar nan dai ta yi murnar shigarsa cikin kundin al'adun duniya na UNESCO. Da wuya mutum ya kafa hujja da abin da kakanninsa suka yi iya ƙoƙarinsu su kashe.

Akwai kuma waɗanda ba a taɓa tambaya ba, kuma a nan labarin ya shafi Hausawa kai tsaye. Yaƙe-yaƙen da suka ɓarke a ƙasar Hausa daga 1804 sun jefa dubban kamammu kan hanyar kudu, ana sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku (wannan ɓangare ba Turawa kaɗai ke da alhakinsa ba, ko da ba a cika son faɗa ba). Da yawansu Bahiya, yankin da birnin Salvador yake, aka kai su. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin boren Hausawa a Salvador, wasu boren suka biyo baya a 1809 da 1814. A daren 24 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmi kusan 600, galibinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito cikin fararen riguna suka gwabza da sojoji a titunan birnin. Kimanin 70 daga cikinsu suka mutu. A jikin gawarwakin an sami layu da takardu masu rubutun Larabci. An harbe mutum huɗu, an yanke wa wani dattijon malami, Pacífico Licutan, bulala dubu. Mutanen da ake cewa wahalarsu ta haifi kyakkyawan abu, sun riga sun faɗi ra'ayinsu da takobi a hannu.

Birazil ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka wajen soke bauta, ranar 13 ga Mayun 1888, da wata doka mai sashe biyu kacal. Ba ta tanadar wa 'yantattun gona ko makaranta ko sisin kwabo ba. Waɗanda suka ta da jijiyar wuya suna neman diyya tsofaffin iyayengiji ne. Hayaniyarsu ta yi yawa har a Disambar 1890 ministan kuɗi, Rui Barbosa, ya ba da umarnin a ƙone takardun bauta da ke ma'aikatarsa domin su rasa shaidar da za su kai gaban hukuma. Tare da shaidar tasu, sunayen bayi masu ɗimbin yawa suka bi wuta.