Gani Ya Kori Ji? Matsalar Gettier da Ma'anar Sani

Kalmar "sani" tana da wata ɗabi'a wadda "zato" da "tsammani" ba su da ita. Bahaushe na iya cewa, "Ya yi zaton an yi ruwa, alhali ba a yi ba." Amma in ya ce, "Ya san an yi ruwa, alhali ba a yi ba," zancen ya ci karo da kansa. Ke nan harshen da kansa ya gindaya wa sani sharaɗin gaskiya. Masana falsafa sun ƙara wasu biyu: mutum ya gaskata abin a ransa, kuma ya kasance yana da hujja. Ana danganta tushen wannan ma'ana da Plato, ko da yake a littafinsa Theaetetus ya auna makamanciyarta bai gamsu ba.

A shekarar 1963 Edmund Gettier ya buga maƙala mai shafi uku a mujallar Analysis, inda ya nuna cewa sharuɗɗan uku na iya cika ba tare da an samu sani ba. A ƙaddara wani gwanin duban wata ne, mai kaifin ido, ya fita a yammacin 29 ga wata. Ya hangi wani siririn haske a yamma, ya ce wata ya tsaya. Abin da ya hanga gefen girgije ne, amma jinjirin watan na nan a bayansa. Maganarsa gaskiya ce, ya gaskata ta, hujjarsa kuma ba ta da aibi a idon kowa. Duk da haka ba za a ce ya sani ba. Dace ya yi. Hujjar da gaskiyar sun haɗu ne bisa katari, ba ɗaya ce ta haifi ɗaya ba. Wannan giɓin Alvin Goldman ya nemi cikewa a 1967, da ya ce dole abin da aka sani ya zama shi ne musabbabin gaskata shi.

A nan karin maganar "gani ya kori ji" take buƙatar gyara a ra'ayinmu, domin ido ne ya yaudari mutumin. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya tuhumi ido a al-Munƙiz minad Dalal, da misalin inuwa da ake ganinta a tsaye alhali tana tafiya. Shi ma ji ba aji ɗaya ba ne. Mai cewa "wai" ya zare hannunsa daga labarin, mai cewa "an tabbatar mini" kuwa ya ɗauki alhakinsa, kuma alƙali ba ya auna su da ma'auni ɗaya.