Fashin Ruwa: Hikimar Kabawa Wajen Kiyaye Kifi

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, abin da zai fi tsaya masa a rai shi ne lokacin da dubban masunta suke faɗawa kogin Matan Fada gaba ɗaya, kowa da homa da ƙaton gora, makaɗa kuwa suna cikin kwale-kwale suna zuga su. Amma kaɗan ne daga cikin 'yan kallo suke tambayar dalilin da ya sa manyan kifaye suke taruwa a wannan wuri.

A tarihi, bikin ya ɗauki siffarsa ta yau ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, domin kawo ƙarshen gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Sai dai al'adar da aka gina shi a kanta ta girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba. Tun kaka da kakanni Kabawa suna rufe wasu guraben ruwa, a hana kowa su a cikinsu, har ranar da Sarkin Ruwa zai ba da izini. Wannan buɗewa ita ake kira fashin ruwa.

Ilimin halittu ya gaskata hikimar wannan doka. Yawancin kifayen kogunanmu, kamar tarwaɗa da karfasa, da damina suke hayayyafa, lokacin da ruwa ya malala cikin fadama, inda ƙanana suke samun abinci da mafaka cikin ciyayi. Idan rani ya shigo ruwa ya janye, sai su koma gurabe masu zurfi. A nan ne kama su ya fi sauƙi, kuma a nan ne ake iya ƙarar da su. Saboda haka rufe gurbi yana barin iyaye da za su sake haihuwa, yana kuma ba giwan ruwa shekarun da take bukata kafin ta girma. Kifin da ya ci gasar 2005 ya kai kilo 75.

Ko kiɗan ma ba nishaɗi kawai ba ne. Kifi yana jin motsin ruwa ta wani layi na jijiyoyi da ke gefen jikinsa, don haka kaɗa goruna da hayaniyar jama'a suna kora shi zuwa inda ruwa bai da zurfi.

To, amma dokar Sarkin Ruwa ba ta da iko a kan abin da ke faruwa can saman kogi. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, da ta Goronyo da ta biyo baya, sun rage ambaliyar da ke cika fadamu, wato sun taƙaita wuraren haihuwar kifi. Ga kuma taru mai ƙananan ido wanda ba ya barin ko ɗan tsako. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun da duniya ta gada, amma wannan karramawa ba za ta cika gurbi da kifi ba. Abin da zai yi haka shi ne sakin ruwa daga madatsu a kan lokaci, da mutunta ranakun rufe ruwa kamar yadda magabata suka yi.